Ni Ce Lamba Arba'in da Bakwai

To, ku da kuka cika ƙasan rubutuna na baya da "ki gaya masa mana, ki gaya masa mana", na gani kuma na karanta. Har wadda ta ce ni muguwa ce, na gode mata. Faɗa a baki ai ba wuya. Ku gyara zama ku ji yadda sati ukun nan suka wuce mini, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar da ke bayan layinmu. Shekara biyu ke nan da likita ya ce ina da ciwon suga. Ƙwaya biyu nake sha a rana, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ban da Umma da Abba da Gwaggo, yayar Abba, ba wanda ya sani. Akwai dai wanda ya taɓa sani, wanda ya fara nemana, ni da bakina na gaya masa. Kwana huɗu da haka yayarsa ta kira Umma ta ce su ba sa ɗauko asibiti su kai gidansu. Tun ranar Gwaggo ta kafa doka, ta ce ko kyanwar gidan nan kada ta ji maganar.

Shi kuwa wannan na yanzu, a wayata "Mai Kwalabe" na rubuta sunansa, kuma a asibitin da nake zuwa muka haɗu. A ranar, nas ɗin da ke duba mu ta ce ana wani bincike a kan masu shan irin maganina, duk wata a ɗibi jini kaɗan, in na yarda. Na yarda, ta ba ni wani ɗan kati ruwan ɗorawa, babu suna a jiki, sai lamba 47. Ina fitowa na ci karo da mutum a gindin bene, farar riga a jikinsa, ya rungumo akwatin sanyi kamar jariri.

"Sannu Malama, ki yi haƙuri. Lafiya dai aka zo?"

"Abbanmu na kawo."

Wallahi ban shirya ta ba, haka kawai ta fito daga bakina. Wata bakwai ke nan ina goye da ƙaryar nan, kullum ƙara nauyi take.

Mutumin nan in ya fara maganar aikinsa, sai dai ki nemi wurin zama. Zuwansa gidanmu na biyu, shayinsa ya huce a kofi yana ta bayani da hannu.

"Kin san warin ruɓaɓɓen ƙwai?"

"Wannan ce hirar da ka zo da ita?"

"Tsaya ki ji. Iska ce take kawo warin, haidirojin salfaid sunanta. In ta taru a rami mai zurfi tana iya kashe mutum. Amma jikinmu da kansa yana yin 'yar kaɗan, tana taimaka wa jijiyoyin jini su saki. Mu so muke mu ga ko maganin suga yana ɗaga ta ko yana sauke ta a jinin masu shan sa."

"To yana ɗagawa?"

"Da mun sani ai da ba a ajiye ni a saman bene ina aunawa ba."

A nan gabana ya faɗi. Ashe akwatin da ya rungumo ranar, har da jinina a ciki. Na tambaye shi, ina wasa da bakin mayafina, ko ya san masu jinin. Ya ce ina, shi lamba kawai yake gani a jikin kwalba, sunaye suna wurin nas a kulle. Daga ranar na koma zuwa asibitin tun ƙarfe bakwai, da takunkumi a fuska da wani tsohon mayafin Umma, in an ɗiba in bi ta ƙofar baya kafin ya sauko ɗaukar akwati ƙarfe goma.

Abin dariyar, yana da lambar da yake so.

"Arba'in da bakwai, kai, tana burge ni," ya ce da ni wata rana. "Ba ta taɓa fashin zuwa ba. Maganin kullum yana nan a jinin daidai. Layinta a takardata kamar da rula aka ja shi."

"Ita? Ashe mace ce."

"Lambar nake nufi, Malama. Wa ya sani, ƙila tsoho ne mai furfura."

Na ɓata rai na kau da kai. Ku ji fa, ni ce nake kishi da kaina.

Yanzu ga inda abin ya kwaɓe. Maganin nan yana da hali guda da ni: wani lokaci sai ya sa ni gyatsa, kuma gyatsar warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. Ba kullum ba, amma in ta zo ba ta sallama. Sati uku da suka wuce ya zo da la'asar ya ce Mamansa tana so ta zo ta gan ni, an sa ranar Asabar ta ƙarshen wata. Muna falo, Gwaggo tana zaune a bakin ƙofar kicin wai tana tsintar shinkafa, kunnenta kuwa yana kanmu. Murna ta sa na buɗe baki zan yi magana, sai gyatsar ta riga ni fitowa.

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Fanka tana juyawa, ta ɗauki warin ta zagaya da shi falon kamar mai raba alewa.

Sai ya miƙe zumbur, ya shinshina hannun rigarsa.

"Subhanallahi, ki yi haƙuri Malama, ni ne. Yau na haɗa ruwan gwaji, warin yana kama kaya. Na ɗauka na canza riga ashe bai fita ba."

Ya yi ta ba ni haƙuri har ƙofa. Ni kuwa na ce "ba komai" da fuskar mai yafiya. Allah ya yafe mini.

Gwaggo dai ba a yi mata irin wannan. Yana fita ta ajiye tiren shinkafar ta biyo ni ɗaki.

"Ba rigarsa ba ce. Ke ce."

"Gwaggo, maganin ne, ba kullum..."

"Yau kin tsira da rigarsa. Ranar da uwarsa ta zo fa? Ita ma rigarta za ta shinshina? Mace ce, hancinta ba irin nasa ba ne. Tana ji za ta ce me ke damun yarinyar, daga nan sai tone-tone. Ina ƙwayoyin?"

Ta jawo aljihun gefen gadona, ta ɗaga littattafan 'yan ajina, ta kwashe kwalaye biyun da ke ƙasa, ta zuba a jakarta ta ja zik.

"Sati uku ba ya kashe mutum. In sun zo sun tafi, ki sha har ki ƙoshi. Na ga kukan da kika yi wancan karon, 'yar nan. Ba zan sake gani ba."

Kada ku zage ta. Ita ta kwana uku tana ba ni abinci a baki lokacin da na farkon ya gudu. Umma tana tsaye a ƙofa da tsumma a hannu, ta buɗe baki ta rufe, don a gidanmu in Gwaggo ta yi magana ko Abba "to Yaya" yake cewa.

Na san abin da za ku ce: ai akwai kemis a bakin titi. Haka ne. Kullum ta gabansa nake wucewa zuwa makaranta, sau biyu har na taka matakalar na juyo. Gaskiyar magana ni ma tsoron gyatsar nake yi. Laifin ba na Gwaggo kaɗai ba ne.

Satin farko lafiya lau, har na ce ashe ba komai. Gyatsa ta ɗauke ɗif. Sati na biyu ƙishirwa ta fara. Gorar ruwa biyu nake zuwa da ita aji, kafin ƙarfe tara ta ƙare. Ina cikin koya wa yara "ba, bi, bu" sai in ce su maimaita, in ruga banɗaki. Wata 'yar ƙiriniya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, ke ba kya neman izini in za ki fita?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma rubutun allon rawa yake mini a ido. In na dawo gida ba na iya zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki in fito, in buɗe firij in rufe, in ɗauki waya in ajiye. Bakina a bushe kamar na tauna auduga.

Litinin da ta wuce ranar ɗibar jini ce. Na yi niyyar ƙin zuwa, sai na tuna da "ba ta taɓa fashi ba", ƙafata ta kai ni. Nas ta soki yatsana, ta kalli 'yar na'urar, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Kina shan maganinki?"

"Ina sha."

"Kalle ni ki faɗa."

Na kalli takalmina. Ta ɗibi jinin a kwalba, ta manna lambata, ta ce in zauna a benci sai likita ya gan ni. Agogon bango ya nuna tara da rabi. Goma saura kwata na ji takun mutum yana saukowa daga bene, na ja mayafi na bi ƙofar baya da gudu kamar wadda ta yi sata.

Ranar Alhamis ina cikin duba littattafan yara bayan an tashi, saƙonsa ya shigo.

"Malama, yau raina a ɓace yake."

"Subhanallahi, me ya faru?"

"47 ta daina shan magani. Babu shi a jinin ko ɗigo."

Jan biron ya faɗi daga hannuna. Ina kallo yana rubutu, yana gogewa, yana sake rubutu.

"Sau uku na auna, na ce ko na'urar ce. Ba ita ba ce. Iskar da nake aunawa ta kauce daga inda take wata bakwai, wannan bai dame ni ba, aiki ne. Sugan ne ya tsorata ni."

"Ƙila mantawa aka yi," na rubuta.

"Wanda ya yi wata bakwai bai yi fashi ba, ba ya mantawa haka kawai. Wani abu ne ya same shi a gida. Ko dai ba shi da mai kula da shi."

Sai wani saƙon ya sake shigowa.

"Na sauka na gaya wa nas, ta ce tana ta kira ba a ɗauka. Na san ba huruminmu ba ne mu san mutum. Amma wallahi da na san gidan, da na je na buga ƙofa."

Na kifa kaina a kan littattafan na yi kuka har hawaye ya ɓata wa wani yaro makinsa. Kiran nas guda biyar ne a wayata, duk ina gani na ƙi ɗauka. Mutumin da nake kashe kaina don kada ya gudu, shi ne yake neman gidana ya cece ni, bai ma san ni ba ce. Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji ina ƙara son sa.

Juma'a na sami Gwaggo tana goge labulen falo.

"Gwaggo, a ba ni ko guda ɗaya. Jiri nake ji."

"Gobe war haka an gama. Kin yi kwana ashirin, ɗaya ne zai gagare ki?"

"Idona ba ya gani sosai."

"Zumuɗi ne. Je ki gwada rigarki."

Na gwada. Doguwar riga ce ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya da hannu, wata ɗaya da ya wuce cif ta zauna mini. Yanzu sai da Umma ta kama bayan da allura biyu. Gwaggo ta ce ma sha Allah, na yi shar, wuyana ya fito. Umma tana soka allurar a bayana, da na juyo na ga idonta da ruwa, ta ce zare ne ya shiga mata ido.

Da ta fita na ɗauko jakar makarantata. Katin yana can a ƙaramin aljihun ciki inda Gwaggo ba ta duba ba. Na juya shi, na mayar, na sake ɗaukowa. Gaba kura baya sayaki. In na faɗa, ƙila in sake jin "ba ma ɗauko asibiti". In na yi shiru, to har yaushe? Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Asabar ƙarfe sha ɗaya suka iso. Gwaggo ta shimfiɗa sabon kafet, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai da dalili, ta fesa turare har kyanwa ta yi atishawa ta bar falon. Abba ya gaisa da su ya fita. Mamansa doguwa ce, ba ta da yawan magana, farin tabarau a idonta, irin matan da in sun kalle ki sai ki tuna duk laifin da kika yi tun kina yarinya. Ta zo da kek babba a kwali. Shi kuwa yana gefenta cikin riga mai ruwan sararin sama, sai murmushi yake kamar wanda aka ba kyauta.

Na gaishe ta, muryata da ƙyar ta fita don bushewar baki.

"Taso nan kusa da ni, 'yata. Kullum sai ya ishe ni da Malama ta ce, Malama ta yi."

Ta yanka kek ɗin da kanta, ta zaɓi yanki mafi girma, mai farin suga a sama, ta ɗora a faranti ta tura gabana.

"Ci mana. Ni na yi da hannuna."

"Ai tana son kek," in ji Gwaggo da sauri. "Ci, Auta, kada ki ba mu kunya."

Na kalli kek ɗin, sai na ga ya zama biyu. Na ce bari in kawo ruwa, na tashi ina dafa bango. A kicin na shanye kofi uku a tsaye. Umma tana bakin wurin wanke-wanke, ba abin da take wankewa. Na zaro katin daga hannun rigata, don tun safe yana nan, na ɗora a tire, na ɗora kofinsa a kai. Umma ta gani. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar falo, sannan ta matsa ta ba ni hanya.

Na ba Mamansa nata, na ba Gwaggo. Na zo gabansa na sauke tiren. Ya ɗaga kofin yana cewa "na gode Malama", maganar ta tsaya a rabi. Katin ya jiƙe da gindin kofi, amma lambar tana nan ɓaro-ɓaro. Ya san katin, ɗaruruwan irinsa sun bi ta hannunsa. Ya kalli lambar, ya kalli wuyana da Gwaggo ta ce ya fito, ya kalli leɓena da suka tsattsage duk da man da na shafa. Ina kallo murmushin ya bar fuskarsa.

Na jira ya ce "kin yi mini ƙarya". Na jira ya ce "Mama, tashi mu tafi".

"Kwana nawa?" ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Ashirin da ɗaya."

Ya rufe ido ya buɗe.

"Ina maganin yake?"

Kafin in amsa Mamansa ta miƙo hannu ta ɗauki katin daga tire. Ta gyara tabarau, ta juya shi gaba da baya.

"Katin mene ne wannan? Na ga tambarin asibitinku."

"Na ƙanena ne, babanta," Gwaggo ta cafe, har da 'yar dariya. "Shi ne ba ya jin daɗi. Yarinyar nan da shirme, ta haɗo shi da kofuna."

Shi kuwa da ya so, kalma ɗaya ta ishe shi ya gaskata Gwaggo ko ya ƙaryata ta. Ya bar mini, idonsa a kaina.

Na durƙusa a kan sabon kafet ɗin.

"Nawa ne, Mama. Ciwon suga gare ni, shekara biyu. Shi ma bai sani ba sai yanzu."

Na juya wajen Gwaggo na miƙa hannu, tafin a buɗe.

"Gwaggo, a ba ni maganina."

Idon Gwaggo ya kawo ruwa. Ta daɗe tana kallona, sannan na ji ƙarar zik ɗin jakarta.

Shi kuma ya sunkuya, ya janye farantin kek ɗin daga gabana, ya tura mini kofin ruwansa da bai sha ba. Ya ce da Umma, da ta fito ta tsaya a ƙofa, a ɗauko mini mayafi, asibiti za mu yanzu, kada in sha komai sai likita ya gan ni.

Mamansa ba ta kalle ni ba, hannun ɗanta take kallo. Ta ninke katin cikin tafinta, ta ɗauki jakarta ta miƙe tsaye. Har muka fita ƙofar gida ba ta ce mini komai ba, kuma ba ta mayar mini da katin ba.